Zuwa ga Babana a Ngaundere

Garwa, daren Lahadi.

Assalamu alaikum, Babana. Ina fatan kana lafiya, kuma sanyin Dang, inda jami'arku take, bai dame ka ba. Mu nan zafi ya fara sauka, Binuwai ta ja baya. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Kwana huɗu innarka ta yi tana riƙe da maganar da ka faɗa mata a waya kafin ta buɗe mini baki, kuma ka san ba halinta ba ne. Ta ce kana son jaka 600 ka sayi kwamfuta mai ƙarfi, wai ka koyi ƙera wasannin bidiyo da wani inji, wato manhajar ƙera wasanni, da ake kira Unreal. Na ce ba ni da su, ko ina da su ba zan bayar ba. Na san ta gaya maka, shi ya sa mako biyu ke nan ba ka kira ni ba.

Kada ka ɗauka raina abin na yi. Shekara 19 ina zaune a shagon nan ina buga wa mutane takardu, da kwamfuta na ciyar da ku. Dare uku na yi bayan rufe shago ina bin diddigin abin nan har data ta ƙare mini sau biyu, don kada in yi maka magana da ka. Unreal ɗin na kamfanin Epic Games ne na Amurka. Saukar da shi kyauta ne, sai wasanka ya kawo dala miliyan 1 suke karɓar kashi 5 cikin 100. Yana da wani tsari da ake jona akwatuna da zare maimakon rubuta umarni, na gane shi ne ya ja ka. Amma nauyinsa gigabait gommai ne, kuma an gina shi don kamfanonin da ke da ma'aikata da yawa. Kai da ko layi ɗaya ba ka taɓa rubuta wa kwamfuta ba, wa ya ce ka fara da tirela alhali ba ka iya keke ba?

Na duba Unity ma, tunda na ji yara suna yawan ambatonsa. Shi sai ka koyi C#, wani harshe na rubuta wa kwamfuta umarni, kafin ka yi abin kirki. Kuma a watan Satumba na 2023 kamfanin ya sanar da cewa zai riƙa cajin masu wasanni kuɗi a kan kowace saukarwa, duniya ta yi masa ca, sai bayan shekara guda ya soke maganar. Sun gyara, amma ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, mai gini a filin wani ba ya barci da ido biyu a rufe.

Wanda ya kwanta mini a rai shi ne GDevelop. Wani Bafaranshe mai suna Florian Rival ne ya fara shi, kyauta ne, yana da Faransanci, yana buɗewa a kwamfuta irin tamu, har a wayar Android. Ba a rubuta umarni a cikinsa. Tebur ne mai gefe biyu: a hagu ka zaɓi sharaɗi, a dama ka zaɓi abin da zai biyo baya. Idan an danna maɓallin sama, mutum ya yi tsalle. Idan ya taɓa ƙaya, ransa ɗaya ya tafi. Na sa shi a tsohuwar kwamfutar da ke kusa da injin kwafi, na zaunar da autarmu bayan la'asar. Kafin kiran magariba yarinyar nan ta sa hoton rago yana tsallake kujera, tana ta ihu har maƙwabcin shago ya leƙo. 'Yar shekara 11, Babana. Da kwamfutar da ta fi taka tsufa. Akwai wasu abubuwa a ciki da sai an biya, amma ba ka buƙatarsu yanzu. Akwai kuma Construct 3 na wasu 'yan Ingila, tsarinsa kusan ɗaya ne, sai dai cikakkensa haya ake yi, wata-wata ko shekara-shekara, don haka na ajiye shi gefe.

In hannunka ya faɗa, ka ji GDevelop ya yi maka kaɗan, sai ka koma Godot. Wasu 'yan Ajantina biyu ne suka ƙirƙire shi, suka sake shi ga jama'a a 2014, babu kason kowa a cikin abin da ka samu. Fayil ɗaya ne marar nauyi, ka zuba a filash ka sa a aljihu, ko intanet babu yana aiki. A nan ne za ka fara rubutu, da harshensa GDScript mai kama da Python, wani sanannen harshen kwamfuta, kuma wannan ilimi ne da zai bi ka ko ka bar harkar wasa.

To, duk wannan ba shi ne ya hana ni barci ba.

Ɗan goggonka da ya zo da mota ranar Alhamis ya ce an gan ka sau biyu a wurin wani mutum a cikin gari da ke ba ɗalibai kuɗi da ruwa, yana riƙe katin shaidarsu. Na ce ƙarya ne a gabansa. Da na shiga ɗaki ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Ka gaya mini gaskiya, ka karɓa ko ba ka karɓa ba? Kuma jaka 25 ɗin da na tura maka ta Orange Money na kashi na biyu na rajista, ta shiga asusun jami'a ko tana wani wuri? Ina son ganin hoton rasit ɗin a wayata, ba labari ba.

Kai ne za a koya wa abin da bashi yake yi wa gida? Kana da wayo lokacin da aka zo aka auna gonar Pitowa. Kai ka riƙe wa kakarka buta ranar da kawunka ya fita da jaka ɗaya. Har ta koma ga Allah ba ta sake ambaton sunansa da rana ba. Shi ma da inji ya fara, shi ma cewa ya yi cikin wata shida zai biya. Ni na ɗauki abin da ya bari, shekara bakwai ina biya, shi ya sa ba ka samu keken da na yi maka alkawari ba, kuma na san har yau kana riƙe da wannan. Ka riƙe. Amma wallahi ba zan zauna in ga an sake kawo takarda ƙofar gidan nan da sunan wani nawa ba. In ka sa hannu a takardar mutumin nan saboda wasa, kada ka zo mini hutu da murmushi. Sunan mahaifina ke kanka, ba don ado na sa maka ba.

Astagfirullah. Na tashi na sha ruwa na dawo. Ban ce ka yi ba, tambaya nake, kuma in ma ka riga ka karɓa, ka faɗa mini yau, tun bai haihu ba, mu san yadda za a yi. Faɗan da zan yi maka ya fi ruwan da zai hau kanka sauƙi.

Ban ce burinka shirme ba ne. A Yawunde Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016, wasan da aka ƙera a ƙasar nan aka sayar a duniya. Amma shekaru suka yi a kai, kuma ƙungiya ce, akwai mai zane, akwai mai kiɗa, akwai mai rubuta umarni. Kai kana ɗaki ɗaya da littattafan shekarar farko a gabanka.

Ga abin da nake so. Ka ɗauki kwamfutar da ka tafi da ita, ka sa GDevelop, ka yi mini dara. Gida 30, 'ya'ya 12 kowane ɓangare, wanda ya jera uku ya ci ɗaya, yadda muke yi a gindin darbejiya. Ba sai kwamfuta ta iya buga wasan da kanta ba, mutum biyu su karɓi waya suna miƙa wa juna ya isa. Ranar Asabar da Lahadi kawai, ban yarda ka taɓa shi daren da kake da darasi da safe ba. Ka riƙa adana aikin a filash saboda ɗaukewar wuta. In ka gama, ya yi aiki a wayata daga farko har ƙarshe, ni zan biya dala 25 da Google suke karɓa sau ɗaya don a sa shi a Play Store. Maganar sabuwar kwamfuta kuma sai na ga sakamakon ƙarshen shekara, sannan mu zauna.

Innarka ta haɗa maka kilishi da yaji da garin kunu, suna wurin direban da ya saba kawo maka saƙo, zai iso ranar Laraba. Rigar sanyinka da ka manta tana ciki. Autarmu ta ce in gaya maka ragonta yanzu yana cin ciyawa yana ƙara maki, amma ya ƙi tsayawa in ya kai bango, ka duba mata.

Ka kira ni gobe bayan isha'i. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka.

Mahaifinka.