Wasiƙa zuwa ga Aminu, kan ƙanensa mai son shiga fim

Aminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali, na ga tambayarka kan ƙanenka Bashir da ke son shiga fim.

Ka faɗa masa kyan fuska ba ya riƙe ɗan wasa a wannan sana'a. Abin da ke sa darakta ya sake kiran mutum shi ne ya iya maimaita abu ɗaya daidai sau goma. Fitowa guda akan ɗauke ta daga nesa, a matso tsakiya, sannan a zo kan fuska. In ya ɗaga kofi da hannun dama a ɗaukar farko, ya ɗaga da hagu a ta uku, mai tace fim ba zai iya haɗa su ba. Sai ya yanke fuskar Bashir, ya bar ta abokin wasansa. Haka sababbi ke ɓacewa daga fim ba su san dalili ba.

Kuma ba a bin labari a jere. Duk fitowar da ke wuri ɗaya tare ake ɗauke ta, don haka yana iya kukan rabuwa da safe, ya yi murnar haɗuwar farko da yamma. Ya rubuta a gefen kowane shafi na rubutaccen labarin fim ɗin abin da ya faru kafin nan, da abin da mutumin da yake kwaikwaya ke nema. Shafi 1 kusan minti 1 ne a allo. Shirin talabijin mai dogon zango ya fi fim cin shafuka a yini, wanda bai haddace maganganunsa tun dare ba shi zai tsayar da kowa. Akan kai awa 12 a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, yawancinsu zaman jira.

Ya tsaya kan alamar da aka manna masa a ƙasa, taku ɗaya gaba hoton ya dushe. Kada ya riƙa taɓa ƙirji, makirufo na nan cikin riga.

Maganar da ta fi damuna ita ce kuɗi. Kada ya fara aiki sai da yarjejeniya a rubuce: kwana nawa, nawa za a biya, kashi nawa kafin ɗauka, me za a ƙara in kwanaki sun zarce. Aikin yakan zo ya ɗauke na watanni, saboda haka kada ya saki sana'ar da ke hannunsa tukuna. In kuma ya yi fice a matsayin mugu, shi za a yi ta ba shi, sai ya nemi wani rol tun da wuri, ko ƙarami ne.

Ka turo min bidiyonsa na minti 2, a ɗaki mai haske marar hayaniya, in duba. A gaida Umma.

Naka,
Sani