A koya wa yaranmu bambance tafasa da rai-ɗore

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin in jawo hankalin iyaye da malaman makaranta kan wani ilimi da yake salwanta a hannunmu ba tare da mun lura ba, wato sanin tsirrai da ciyayin da suke fitowa da kansu a tsakar gida, da bayan katanga, da bakin juji, da zarar damina ta sauka.

Iyayenmu mata sun san waɗannan tsirrai ɗaya bayan ɗaya. Sun san lalo da karkashi da gasaya da zaƙi-banza da yaɗiya, sun san wanda ake miya da shi, da wanda ake kwaɗo, da wanda ake sha don ciwon ciki, da wanda ko akuya ba a bari ta kusanta. A yau yaro zai kammala sakandare a Kano ko Maraɗi, amma duk wani koren abu da ya tsiro a ƙofar gidansu sunansa ɗaya a wurinsa, ciyawa. Da ya girma sai ya sayo maganin feshi ya ƙone su gaba ɗaya, har da waɗanda suka riƙe kakanninsa a shekarun fari.

Abin da ya fi damuna shi ne tafasa da rai-ɗore, domin dangin juna ne, furensu duka rawaya ne, kuma sau da yawa a wuri ɗaya suke tsirowa. Ana tsinkar ganyen tafasa a dafa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, amma 'ya'yan rai-ɗore suna da dafi, kuma likitoci a arewacin Indiya sun danganta cinsu da wata cuta mai lalata hanta da ƙwaƙwalwa wadda ta hallaka ƙananan yara. Bambance su kuwa ba ya buƙatar karatun boko. Ganyen tafasa yana zuwa bibbiyu har jeri uku a kan kara ɗaya, bakin kowane ganye a zagaye yake, kwasfar 'ya'yanta siririya ce doguwa mai ɗan lanƙwasa. Ganyen rai-ɗore jerinsa ya fi yawa, yakan kai huɗu ko biyar, bakinsa mai tsini ne, kwasfarsa ta fi faɗi, kuma idan aka murza ganyen sai wari marar daɗi ya tashi. Duk uwar da ta nuna wa ɗanta wannan sau ɗaya, da tsiron a hannunta, ba zai sake rikita su ba.

Haka nan zaƙami, wanda ba a banza Hausawa suka sa masa suna haukata-yaro ba. Babban farin furensa mai kama da kakaki yana jan ido, 'ya'yansa masu ƙayoyi suna jan hankalin yara, alhali ganye da fure da iri duka guba ne. Tumfafiya ma tana nan a kangwaye, farin ruwanta yana cutar da ido ƙwarai. Wuta-wuta kuma, wadda wasu ke kira ƙuduji, furenta ja-ja mai kyau ne, amma tana manne wa saiwar dawa da gero ta tsotse su, irinta kuma yakan yi fiye da shekara goma a ƙasa bai mutu ba, don haka wanda ya gane ta sai ya tumɓuke ta kafin ta zubar da iri.

Na san wasu za su ce yanzu akwai waya, kuma gaskiya ne manhajoji irin su PlantNet da Google Lens suna iya gane tsiro daga hoto. Amma sunan Latin ko na Turanci za su ba ka, ba za su ce maka wannan nonon-kurciya ne ko ƙashin-yawo ba, kuma sukan yi kuskure a kan tsiron da bai yi fure ba. Ba daidai ba ne mutum ya ci ko ya sha wani ganye don kawai waya ta ce ba shi da lahani. Abin lura a nan, tun a 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a littafi, kuma daga bakin mutanen ƙasar Hausa ya samo su. Jikokin waɗanda suka koya masa ne yau suke neman rasa sunayen.

Shawarata ita ce jaridar nan ta ware ɗan shafi a kowane mako na damina, ta riƙa buga hoton tsiro guda mai nuna ganye da fure da 'ya'ya, tare da sunansa a karin harshen Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram, tunda sunan yakan sauya daga gari zuwa gari, sannan a faɗi amfaninsa ko haɗarinsa. Masana tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya za su iya tantance hotunan kafin a buga. Malaman firamare kuma su riƙa fita da ɗalibai harabar makaranta da damina, lokacin da tsirran ke fure, su gayyaci wata dattijuwa daga unguwa ta nuna musu. Ina fata za a fara da tafasa da rai-ɗore a fitowa ta farko.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Zariya