Ƙofar katako da yanayin Kano: jan hankali ga kafintoci da masu gini

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan ƙorafin da ake yawan kawo wa kafintoci a Kano. Ƙofar ɗaki ko murfin wadrob sai ya ƙi rufuwa a watan Agusta, idan hunturu ya kama kuma ka ga ya tsage har haske na shigowa. Mai gida ya ce kafinta bai iya aiki ba, kafinta ya ce katakon ne ba shi da kyau. Sau da yawa laifin yana wajen ruwan da ke cikin katakon ranar da aka sa masa zarto.

Mafi yawan katakon da ake saukewa a 'Yan Katako ta Na'ibawa daga dazuzzukan Kudu da Taraba yake zuwa, inda iska ke da laima, kuma ɗanye ake loda shi. Yana isowa nan sai ya fara bushewa. Katako ba ya raguwa a tsawonsa yadda ido zai gani, a faɗi yake tsukewa. Falanki mai faɗin inci 12 da aka yi aiki da shi ɗanye yakan rage kwatan inci ko fiye kafin ƙarshen Fabrairu. Idan an haɗa uku a fuskar tebur, ka lissafa da kanka.

Maganin ba ya cin kuɗi, lokaci yake ci. A jera katakon a inuwa, a ɗaga shi ƙafa ɗaya daga ƙasa, a sa siraran sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane layi, duk bayan ƙafa 2, kowace sanda a saitin ta ƙasanta. A ɗora nauyi a sama, a shafa fenti a kan goshin kowane falanki saboda ta nan tsagewa ke farawa. Mai kaurin inci 1 a ba shi mako 6 zuwa 8 da rani, mai inci 2 kuwa ya fi haka nesa. Jingina shi da bango a rana, kamar yadda ake gani a gaban shaguna da yawa, shi ke sa falanki ya lanƙwashe kamar kwale-kwale, don fuska ɗaya ta bushe ta bar ɗayar.

Wajen rataya ƙofa kuma, kafinta ya duba watan da yake ciki. Tazarar da aka saba bari tsakanin ƙofa da firam ita ce milimita 3 a gefe da sama. Wanda ya rataya a Janairu, lokacin da katako ya tsuke iya tsukewarsa, ya bar 4 zuwa 5, domin damina za ta cike gurbin. Wanda ya rataya a Agusta, 2 ta ishe shi. A ƙasa a bar milimita 10 daga saman tayil, ba daga kan siminti ba, don an sha yanke gindin ƙofa bayan mai tayil ya gama nasa. Allon tsakiyar ƙofa a zaunar da shi cikin tsagi mai zurfin milimita 10 ba tare da gam ko ƙusa ba, ya samu wurin motsi. In aka ɗaure shi ta kowane gefe, dole ya tsage a tsakiya. Ƙofar madaci ko loko tana da nauyi, hinji uku masu inci 4 take so, kuma a ɗaura sukuru da abin ɗaurinsa bayan an huda masa ƙaramin rami. Wanda ya buga sukuru da guduma ya kashe zarensa, wata uku ƙofar ta fara jan ƙasa.

Akwai wurin da kusan kowa ke tsallakewa: saman ƙofa da gindinta. Tunda ido ba ya kaiwa can, sai a bar su ba fenti ba banish, alhali ta nan ruwan mofa da laimar damina ke shiga. A shafe su sau biyu kafin a rataya.

Masu gini ma da nasu kason. Sabuwar filasta tana fitar da ruwa na makonni, don haka a ba ta aƙalla mako 3 zuwa 4 kafin a kafa wadrob ko kabad ɗin kicin, ko da ranar biki ta matso. Bayan firam, inda yake taɓa bulo, a shafa masa maganin gara tun yana ƙasa. Allon MDF kuwa, wato wanda aka yi da garin katako da aka matse da gam, in ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa, saboda haka a ɗaga kabad a kan ƙafafu na santimita 10, a rufe duk bakin da aka yanka, ƙarƙashin sinki kuma a yi amfani da filawud mai jure ruwa. Wanda ya ba da aikin ya tambayi kafinta yaushe aka sayo katakon, in ya ce jiya, a ɗaga ranar kawo kaya.

Na gode.

Daga wani kafinta, birnin Kano.