Kwamfuta na rubuta magana ba tare da data ba, amma Hausa fa?

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini.

Ni sana'ata buga takardu a kwamfuta, aikin ɗalibai ne, wasiƙu ne, yarjejeniyar haya ce, to shekaru sun ja yatsuna sun fara ciwo musamman lokacin hunturu, shi ne ɗan ƙanena ya ce Baba bari in sa maka abin da za ka riƙa magana kwamfuta na rubutawa. Wanda ake danna maɓallin Windows da H sai da intanet, ga tsadar data ga netwok yau akwai gobe babu, kuma ni gaskiya hankalina bai kwanta ba a ce sirrin kwastoma ya tafi kwamfutar wani kamfani a waje.

Sai ya sa min Whisper, manhajar mayar da magana rubutu da kamfanin OpenAI suka saki kyauta a 2022, ta hanyar whisper.cpp, wato abin da ke sa ta yi aiki a kan kwamfutar mutum. Sau ɗaya ake sauke fayil ɗin shi ke nan, ba a ƙara buƙatar intanet. Fayil ɗin girma-girma ne, ƙaramin bai kai MB 100 ba, babban kusan GB 3 ne, tsohuwar kwamfutata kuwa fayil mai kusan MB 500 ta iya ɗauka. Wanda zai gwada ya nemi makirfo mai haɗe da abin kunne, ya kashe fanka, in janareton maƙwabci na ruri ma ya haƙura tukuna.

Da Turanci wallahi aiki yake yi, gyara kaɗan ne. Hausa kuwa tana cikin harsuna kusan 100 da aka jera cewa yana ji, amma na ce ƙasa ya rubuta kasa, na ce ɗa ya rubuta da, wani lokacin ma ya kama jimla ɗaya ya yi ta maimaitawa. Abin ya yi min ciwo sosai, harshen da ake yi daga Kano har Agadas!

Dalili kuwa muryoyin Hausa da aka koyar da shi ba su da yawa. Ƙungiyar Mozilla na da shirin Common Voice na tara muryoyin mutane don koyar da na'ura, akwai Hausa a ciki, ka karanta jimla a naɗa, ka saurari ta wani ka tabbatar daidai ce. Ina roƙon malaman Hausa na BUK da ABU da ma'aikatan rediyo su ja ɗalibai da masu sauraro su shiga, har da mata da dattawa da Sakkwatawa da Damagarawa, kar a koya wa na'ura Kananci kaɗai. Ni dai kullum bayan isha'i ina karanta jimla ashirin.

Naku,
Mai shagon buga takardu, Kano