Gal Gaid ba fareti kaɗai ba ce, a dawo mana da ita makarantu

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in amayar da wani abu da ya tsaya min a rai. Makon jiya maƙwabciyata a nan Tudun Wada tana suyar awara, ɗanta ɗan shekara 3 ya jawo kaskon, mai ya zubo masa a hannu. Kafin ka ce kwabo gida ya cika, wannan ta ce a fasa ƙwai, waccan ta ce man goge baki, wata har ta aika a ɗebo fetur wai shi ne maganin ƙuna. Ni dai na sungumi yaron, na sa 'yata ta dinga kwarara masa ruwan randa da buta kusan minti 20, yana ihu uwar na ihu, sannan muka rufe wurin da ƙyalle mai tsabta muka tari Keke sai asibiti. Nas ɗin ta ce Hajiya ke ma'aikaciyar lafiya ce? Na ce a'a, Gal Gaid na yi. Sai ta kwashe da dariya ta ce wai 'yan faretin nan?

To wallahi dariyar nan ce ta sa na zauna rubutun nan, don abin da mutane suka sani ke nan, ranar yara 27 ga Mayu ko 1 ga Oktoba su ga 'yan mata da shuɗin yunifom suna maci a Dandalin Murtala, shi ke nan.

Alhali abin da asalinsa. A 1909 Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut na maza, ya yi babban gangami a Crystal Palace da ke Landan, sai ga wasu 'yan mata sun kutso ba wanda ya gayyace su, suka ce su ma fa 'yan sikawut ne. Ƙarfin halin yaran nan ne ya sa a 1910 aka buɗe ta mata, wato Gal Gaid, ƙanwarsa Agnes ta riƙe, daga baya matarsa Olave ta karɓa. A Amurka kuma Juliette Gordon Low ta fara da 'yan mata 18 kacal a garin Savannah a 1912. Mu nan Najeriya a 1919 ta iso, a Legas aka fara, kuma mata irin su Lady Oyinkan Abayomi sun yi mata hidima ba kaɗan ba. Uwar ƙungiyar ta duniya a 1928 aka kafa ta a ƙasar Hangari. Kenan Edita, a ƙasar nan ta girmi 'yancin kai da shekara 41, amma yau sai ka tambayi yarinya 'yar sakandare ta ce bata taɓa jin sunan ba.

Ni na shiga ne zamanin Buhari da Idiagbon, lokacin da ake tsaftar muhalli ran Asabar ba wasa. Malamarmu, Allah Ya jiƙanta, ba ta yarda mu tsaya a harabar makaranta ba, sai ta kwashe mu da tsintsiya da shebur mu yashe kwata a unguwa, wata ran mu je asibiti gaida marasa lafiya da ɗan sabulu da lemo da muka yi karo-karo muka saya. A wurinta na koyi haɗa ruwan gishiri da sukari, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ta sa mu maimaita har mu haddace kamar karatun allo, kuma Allah kaɗai Ya san yara nawa na haɗa wa tun daga lokacin in gudawa ta kama su cikin dare. Ɗaurin igiya ma mun koya, ko da yake wannan kam gaskiya igiyar shanya kawai ya amfane ni.

Na san abin da wasu iyaye ke cewa, wai abin Turawa ne, kuma siket ɗin gajere. To ai wannan mai sauƙi ne, a ɗinka dogo a sa hijabi, alƙawarin da ake ɗauka bai wuce bauta wa Allah da yi wa ƙasa hidima da taimakon mutane ba, ina abin ƙi a nan? Ga 'yan agajinmu nan na ƙungiyoyin addini suna sa yunifom suna aiki a masallatan Juma'a da sansanin alhazai, kowa na sa musu albarka. Kuma a gari irin Kaduna da rikici ya raba mu, wasu can ƙetaren gada wasu nan, ni a sansanin gaid na fara kwana tanti ɗaya da yarinya Kirista, har yau muna zumunci, ta zo bikin 'yata na je na ɗanta.

Makarantar da autata ke zuwa na je na tambaya, aka ce min ba malamar da za ta riƙe kuma ba kuɗi, amma kuɗin fati na ƙarshen zango bai taɓa gagara ba. Roƙona ga hukumomin ilimi da shugabannin makarantu da ƙungiyar iyaye da malamai, a ware ko awa 1 ce a mako. In malama ce babu, mu tsofaffin 'yan gaid muna nan da yawa a Kawo da Rigasa da Barnawa, a kira mu. Ni dai ɗankwalin wuyana na nan a ƙasan akwati, kuma ran Asabar ba inda nake zuwa.

Na gode Edita, Allah Ya ƙara basira.

Daga wata tsohuwar 'yar gaid,
Tudun Wada, Kaduna.