Ana iya rage kwana guda daga jiran sakamakon gwajin jini

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a jaridarka mai farin jini don mu tattauna wani jira da ke cin rayuka a asibitocinmu, wato jiran sakamakon gwajin da ke nuna maganin da zai kashe ƙwayar cutar da ta shiga jinin majiyyaci.

Idan bakteriya ta shiga jini, likita ba ya da damar jira. Dole ya fara magani bisa hasashe, kuma a nan galibi allurar ceftriaxone ake fara kaiwa gare ta. Matsalar ita ce da yawa daga cikin bakteriya irin Klebsiella da E. coli da ake samu a asibiti a yau suna fitar da wani sinadari mai suna ESBL da ke karya wannan magani. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da ba sa jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ke kan gaba, da kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000.

Ga yadda lokacin ke tafiya a tsohuwar hanya. Ana zuba jini a kwalbar kalca, wato kwalbar da ake renon ƙwayar cuta a cikinta, a sa ta a ɗumi na digiri 35 zuwa 37. Yawancin ƙwayoyi masu haɗari kan bayyana cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Daga nan a shafa ruwan kwalbar a faranti, a jira ya kwana. Washegari a ɗebi abin da ya tsiro, a dama shi daidai kaurin da ake kira 0.5 McFarland, a shafa a farantin Mueller-Hinton mai ɗauke da abincin ƙwayar, a jera 'yan takardu masu ɗauke da magani, a sake jiran awa 16 zuwa 20. Ke nan bayan kwalba ta nuna akwai cuta, sai an ƙara kusan kwana biyu. Jariri mai kwana uku a duniya ba shi da wannan sararin.

A ƙarshen 2018 kwamitin Turai mai tsara wannan gwaji, EUCAST, ya fitar da hanyar da ke tsallake kwanan tsakiya, kuma da kayan da muka saba take aiki. Da zarar na'urar ɗumin kwalabe ta yi ƙara ta nuna ƙwaya ta tsiro a kwalba, ana ɗibar mikrolita 100 zuwa 150 na ruwan kwalbar yadda yake, ba a sirka shi ba, a shafa a faranti mai faɗin milimita 90, a ɗora takardun magani da ba su wuce shida ba, a sa a ɗumi na digiri 35. Ana auna da'irar da ke kewaye da kowace takardar magani, wadda ƙwayar ta kasa tsirowa a cikinta, bayan awa 4, da awa 6, da awa 8, kada a kauce wa lokacin da fiye da minti biyar. Ana cire murfin a duba ta sama, saɓanin yadda aka saba dubawa ta bayan faranti. Kwalbar da ta yi ƙara da asuba, kafin magariba likita na iya samun amsa.

Sai dai a nan ne ake yawan tuntuɓe. Wannan hanya tana da nata jadawalin ma'auni, daban ga kowace irin ƙwaya da kowace awa. Wanda ya auna da'irar awa 6 ya fassara ta da jadawalin awa 18, zai ba likita amsar ƙarya cikin tabbaci, kuma gara jinkiri da wannan. Akwai kuma wani tsaiko a tsakiyar jadawalin inda ba a iya cewa magani zai yi ko ba zai yi ba. Idan ma'auni ya faɗa ciki, ba a kintace. A mayar da faranti ɗumi cikin minti goma, a sake dubawa a zango na gaba. Ƙwayar Pseudomonas ma ba a karanta ta a awa 4 sam, don tsironta na da nawa. Sannan tilas a san sunan ƙwayar kafin a fassara, kuma da kwalaben na'ura irin BACTEC da BacT/ALERT aka gwada hanyar. Ɗakin gwajin da ke haɗa ruwan kwalbarsa da hannu, sai ya fara gwada ta kafaɗa da kafaɗa da tsohuwar hanya kafin ya dogara da ita.

Sauran kurakuran ƙanana ne a ido. Kaurin abincin ƙwayar a faranti milimita 4 ne, wajen mililita 25. Idan aka yi tsimi ya yi siriri, da'ira za ta faɗaɗa, maganin da ba ya aiki ya bayyana kamar yana yi. Takardun magani kuwa danshi ke kashe su. Wanda ya buɗe kwalinsu daga firji tun da sanyinsa ya jawo masu raɓa. Idan wuta ta ɗauke na awa biyu babu janareta ko sola, karatun awa 4 ya tashi daga aiki. Shi ya sa ake gwada kayan a kai a kai da ƙwayar da aka san halinta, irin E. coli ATCC 25922.

Kafin duk wannan, akwai abin da ke faruwa a bakin gado. Babba na bukatar mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba, a ɗauka daga wuri biyu daban, domin ƙwayoyin da ke cikin jininsa 'yan kaɗan ne. A goge fata a bari ta bushe kafin a soka allura, in ba haka ba ƙwayar fata za ta tsiro, a yi ta yi wa mutum maganin cutar da ba shi da ita. A ɗauki jinin kafin allurar farko, kuma kada a sa kwalba a firji. 'Yan uwan majiyyaci su ma su faɗa wa likita gaskiyar abin da aka saya a kemis aka sha a gida, don shi kaɗai na iya hana kwalba nuna komai.

Ba mu raina manyan na'urori ba. MALDI-TOF na faɗin sunan ƙwaya cikin 'yan mintuna, BioFire kuma na gano alamun bijire wa magani irin CTX-M da NDM cikin kimanin awa ɗaya. Amma kuɗin gwaji ɗaya ya fi ƙarfin yawancin iyalai, sannan rashin ganin alamar bijirewa ba ya tabbatar da cewa magani zai yi aiki.

Roƙonmu ga shugabannin asibitocin koyarwa da hukumar daƙile cututtuka ta Najeriya, NCDC, shi ne a sa ma'aikaci a sashen ƙwayoyin cuta dare da rana har da ƙarshen mako, a ba na'urar ɗumi layin wuta nata, a kuma ajiye waya a ɗakin gwaji. Sakamakon rinin Gram, gwajin da ke nuna rukunin ƙwayar, wanda bai fi minti 15 ba, a faɗa wa likita da baki nan take, haka ma karatun awa 6, maimakon takardar ta kwana a kan tebur tana jiran masinja.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan ɗakin gwaje-gwajen asibiti, Kano