Sanarwa: Laraba za mu koma Littafin Ayuba

Ƴan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku. Nazarinmu na Laraba da yamma yana nan, kuma Littafin Ayuba za mu buɗe.

Abin da ya sa shi ne saƙonnin da ake ta turowa tun da aka kwantar da ƴar'uwarmu a asibiti, masu cewa duk wanda ciwo ya daɗe a jikinsa, ko yana ɓoye zunubi ko bangaskiyarsa ta gaza. Don Allah a daina. Ƴaƴanta suna cikin rukunin nan, a bakin gadonta suke karantawa.

Irin maganar abokan Ayuba, Elifaz da Bildad da Zofar, ke nan. Kwana 7 suka zauna a ƙasa tare da Ayuba ba wanda ya ce uffan, kuma a ganina lokacin ne suka fi yi masa amfani. Suna buɗe baki sai neman laifinsa. A Ayuba 42:7 Ubangiji ya husata da su, domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar bawansa Ayuba, wanda ya yi ta kuka yana tambaya. Yesu ma, da aka tambaye shi laifin wa ya sa aka haifi mutum makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba (Yahaya 9:3). Zunubi yana jawo wahala, gaskiya ne, amma ba a ba mu ikon yanke wa maƙwabci hukunci ba.

A karanto Ayuba sura 1, 2, 38 da 42. Zumuntar Mata na tsara masu kai abinci asibiti. Mai hali ya rubuta sunansa nan kafin Talata.